Tagulla da Rana a Ƙasar Adar

Ƙasar Adar ƙasar baƙin ƙarfe ce tun fil azal. Wanda ya ratsa duwatsun Keita da Tamaske da Buza zai ga jajayen tsaunuka masu ɗauke da tama, kuma a gefen tsofaffin kufai har yau ana tuntuɓe da kashin maƙera, shaidar wutar da aka hura shekaru aru-aru da suka shige. Wannan sana'a ce ta ja hankalin Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta yi bincike cikin Adarawa tun daga shekarun 1960, ta rubuta tarihin manomansu da maƙeransu, har ta ɗauki fim ɗin narka tama, inda ake kallon murhun tamkar mace mai naƙuda. Amma akwai wani ƙarfe da ba a san Adar da haƙo shi ba, ga shi kuwa ya shiga ko'ina: yana mariƙin takobi, yana likkafar doki, yana kwaɗon jakar Abzinawa, yana ƙafar ƴan matan Woɗaɓe, yana jeren tasoshin ɗakin amarya. Tagulla ke nan. Baƙuwa ce a wannan ƙasa, kuma duk guntunta da ke Tawa a yau sai da ya sha doguwar tafiya kafin ya iso.

Hausa ta raba maƙera gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari da mashi, maƙeran fari kuwa su ke aikin azurfa da tagulla da sauran kayan ado. A bakin jama'a kalmar tagulla takan haɗa jan ƙarfe zalla da duk abin da aka gauraya da shi, to amma tarihi yana bukatar a rarrabe. Jan ƙarfe shi ne wanda ake samu daga ma'adini, launinsa ja. Idan aka haɗa shi da tutiya sai ya koma rawaya mai kama da zinariya, ya ƙara ƙarfi, ya fi daɗin zubi. Wannan gauraye shi ake nufi da tagulla a nan. Bambancin ba na launi kaɗai ba ne. Shi ne ke nuna inda ƙarfen ya fito, kuma shi ne ke yanke yadda zai tsufa a ƙarƙashin rana da ruwa.

Jan ƙarfen Takadda

A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a garin Takadda bayan ya baro ƙasar Mali. Ya ba da labarin cewa ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, shi ya sa launinsa da ɗanɗanonsa suka sauya. Bayi maza da mata ke narka ƙarfen a cikin gidaje, su zuba shi sanduna masu tsawon ɗani ɗaya da rabi, wasu kaurara wasu sirara. Kaurara guda 400 ake bayarwa a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da kaurara ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Ya kuma ambaci ƙasashen da ake kai shi, cikinsu har da Barno da wata ƙasa da masana tarihi suka karanta sunanta Gobir. Wannan na cikin ambato mafi tsufa da aka samu na wata ƙasar Hausa a rubuce, kuma abin lura ne cewa a dalilin ƙarfe sunan ya shiga littafi.

An daɗe ana gardamar inda Takadda take. Binciken da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka wallafa a 1976 ya ƙarfafa ra'ayin cewa kufan Azelik ne, arewa da Ingal, kusa da rijiyoyin gishirin Tagidda-n-Tesemt. A can an tarar da kangayen masallatai da maƙabartu da burbushin narka ƙarfe. A wannan yanki kuma Danilo Grébénart ya gano muraren narka jan ƙarfe da suka girmi Takadda nesa ba kusa ba, tun ƙarnonin da suka gabaci haihuwar Annabi Isa. Daga Azelik zuwa kwarin Kabi da Sakkwato, ayari ba shi da makawa sai ya keta Azawak ya gifta ta Adar ko ta gefenta, kusan layin da titin Tawa zuwa Abalak da Agadas yake bi a yau.

Sai dai abin da Azelik ta bayar jan ƙarfe ne, ba tagulla ba. Tutiya ƙarfe ne mai gardama: tana tafasa ta zama hayaƙi a digiri 907, alhali jan ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1085. Wanda ya yi ƙoƙarin fitar da ita a buɗaɗɗen murhu zai ga ta tsere ta bar shi da farin hayaƙi. Mutanen da, a ƙasashen Rum da Masar da Farisa, sun samo dabara: su rufe guntayen jan ƙarfe da dakakken dutsen tutiya da gawayi cikin tukunya, tururin ya shiga jikin ƙarfen. Ba a sami shaidar cewa an yi wannan aiki a Afirka ta Yamma a waɗancan ƙarnoni ba. Saboda haka duk tsohuwar tagullar da aka tono a kudancin Sahara, a bayan raƙumi ta zo, daga baya kuma a cikin jirgin ruwa. Ita kanta kalmar tutiya daga Larabci Hausa ta aro ta.

Wurare biyu sun nuna girman wannan fatauci. Na farko Marandet, kudu da Agadas, a gindin dutsen Tigidit, inda Henri Lhote ya ƙidaya ƴan kasaken narka ƙarfe sama da 40,000 a jibge. Ana kyautata zaton ita ce Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9, kuma tarihin baka na Gobirawa yana da alaƙa da wannan yanki. Na biyu yana can yamma, a tsakiyar hamadar Muritaniya, wurin da ake kira Ma'adin Ijafen. A 1964 Théodore Monod ya isa wurin, ya tarar da kayan wani ayari da aka binne cikin rairayi: sandunan tagulla 2,085, nauyinsu ya kusa tan guda, tare da tarin wuri. An kimanta shekarunsu zuwa ƙarni na 11 ko na 12, kuma tutiyar da ke cikinsu ta kai kusan kashi 20 cikin 100. Wanda ya binne su bai dawo ba. Sun yi shekara wajen 800 suna jiransa, hamada ba ta cinye su ba.

Yadda ta zauna a Adar

A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci Adar da yaƙi ya raba ta da ikon Kabi. Bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721 sai ya dawo ya zauna a Adar, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta Illela ta samo asali. Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na 1975 kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Abin da ya shafi tagulla a ciki shi ne cewa Lisawan da suka rako Agabba, da Kel Geres da suka gangaro kudu, da Kel Dinnik na Azawak, kowannensu yana tafe da maƙeransa, waɗanda ake kira inadan da Tamajak. Su ne suka ƙware a zubin kaki: a sassaƙa siffa da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Da wannan dabara ake yin abin wuyan da ke ɗauke da sunan Tawa, ɗaya daga cikin 21 da aka san Nijar da su.

A al'adar Abzinawa baƙin ƙarfe abu ne da ake kaffa-kaffa da shi, jan ƙarfe da tagulla kuwa ana ganin suna kashe kaifin sharrinsa. Shi ya sa ake lulluɓe mariƙin takobi da tagulla da fata, ake kuma manna su a jikin kwaɗo da mabuɗi. Ko mutum ya yarda da wannan fassara ko bai yarda ba, maƙerin ya yi daidai ta wata fuska: gumin hannu yana sa baƙin ƙarfe tsatsa cikin ƴan kwanaki, tagulla kuwa sai dai ta yi duhu.

Mashigar ƙarfen ta riƙa sauyawa da zamani. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kawo tsohon jan ƙarfe da tutiya daga Tarabulus, wasu fatake kuma suna kawo jan ƙarfe daga wata mahaƙa da ke kudu da Darfur. Daga bakin teku, mundayen tagulla da Turawa suka ƙera don cinikin bayi da manja sun yi ta hawowa arewa hannu zuwa hannu. Da sojojin Faransa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka gwabza da Kel Geres a Galma a 1901, sai ga wata sabuwar mahaƙa ta faɗo: kwanson harsashi, wanda kashi 70 nasa jan ƙarfe ne, 30 tutiya. A sassa da yawa na Afirka maƙera sun narka shi sun yi zobe da munduwa. Bayansa kan famfo ya zo, da tsofaffin kwaɗuna, da tarkacen mota. Kowace narkawa tana ƙona wani abu na tutiyar, don haka munduwar da aka sake zubawa sau uku ko huɗu takan fi ta farko ja.

Rigar da ƙarfe ke ɗinka wa kansa

Tagullar da aka goge yanzu-yanzu tsirara take. Kafin ƙiftawar ido iskar oksijin ta fara kama fuskarta, ta haɗu da jan ƙarfe ta ba da wani siririn ɓawo mai ja-ja, ta haɗu da tutiya ta ba da wani mai fari-fari. Kaurin wannan ɓawo a farko bai kai ɗaya bisa dubu na kaurin silin gashi ba. Yayin da yake ƙaruwa launin ƙarfen yana sauyawa, daga rawaya mai ƙyalli zuwa ruwan zuma, zuwa ruwan ƙasa, zuwa duhun da ake gani a tsofaffin likkafu. Abin mamaki shi ne ɓawon da ya fito daga cin ƙarfen, shi ne kuma ke hana ci gaba da cinsa, domin yana shiga tsakanin ƙarfen da iska. Tsatsar baƙin ƙarfe tana kumbura ta ɓare ta buɗe sabon wuri, wannan kuwa lafewa yake yi kamar riga.

Masana sun fara fahimtar haka a 1836, lokacin da Christian Schönbein ya lura cewa baƙin ƙarfen da aka tsoma cikin wani ruwan asid mai ƙarfi yakan daina narkewa, kamar ya yi barci. Michael Faraday a Ingila ya ce dalili shi ne wani siririn lulluɓi da ido ba ya gani. Shekara uku bayan haka, a 1839, wani saurayi ɗan shekara 19 a Faris, Edmond Becquerel, ya tsoma faranta na ƙarfe cikin ruwan magani, ya haska wa ɗaya rana ya bar ɗaya a duhu, sai ya ga lantarki yana gudana tsakaninsu. Daga wannan gwaji ne ilmin mai da hasken rana lantarki ya tsiro, wanda jikokinsa su ne faifan da aka shimfiɗa a tashar Malbaza a 2018, da waɗanda ke kan rufin shaguna a kasuwar Tawa. Tun kafin a koma ga silikon, a shekarun 1920 da 1930, da wannan jan ɓawo na jikin jan ƙarfe aka ƙera wasu daga cikin na'urorin farko masu jin haske.

Ma'anar wannan ita ce rigar tagulla ba matacciyar aba ba ce: tana jin haske. Jan ɓawon yana shan hasken da ido ke gani, ɓangaren kore da shuɗi, abin da ya sa shi kansa yake bayyana ja. Farin ɓawon tutiya ba ya shan komai sai ɓoyayyen hasken nan mai ƙona fata, wanda ke gaba da shuɗi. Idan haske ya shiga ɗayansu yakan tayar da ƙwayoyin lantarki daga mazauninsu, su kuma su nemi inda za su. Nan ne labarin ya rabu biyu. A wasu gwaje-gwaje da aka yi cikin ruwa, haske ya hanzarta narkewar ɓawon, musamman na tutiya, ƙarfen ya ƙara saurin ci. A wasu kuma, haske ya sa ɓawon ya ƙara kauri da tauri, ƙananan ramukan da gishiri ke haƙawa suka ragu. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin ruwan, da yawan gishirinsa, da tsaminsa, da irin ɓawon da ya riga ya kafu. Wanda ya ce rana tana cin tagulla bai yi ƙarya ba, wanda ya ce tana kare ta shi ma yana da hujja.

Amma duk waɗannan gwaje-gwaje sun haɗu a kan sharaɗi guda: sai da ruwa. Ƙwayoyin lantarkin da haske ya tayar ba su da hanyar yin ɓarna mai yawa idan babu ko da siririn danshi a fuskar ƙarfen. To ga Tawa, mai samun hasken rana na awa wajen 3,000 a shekara, amma ruwan samanta bai wuce milimita 350 zuwa 400 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A watannin hunturu da bazara laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Hasken ya yi yawa, abokin aikinsa ya yi ƙaranci. Mafi girman aikin da rana ke yi wa tagulla a arewacin Adar shi ne ta ɗumama ta, ta busar da raɓa da gumi kafin su daɗe. Wannan ne ya sa tsohuwar tagullar Sahel takan yi duhu mai santsi, ba ta cika yin kore mai ɓarɓashi irin na garuruwan bakin teku ba. Busasshen rairayin da ya adana sandunan Ijafen shi ma wannan aikin ya yi.

Maƙiyan gaskiya

Idan ba rana ba, me ke kashe tagulla a wannan ƙasa? Na farko gishiri. Arewacin Adar da Azawak ƙasa ce ta ruwan zartsi da kanwa, kuma gishirin Tagidda da kantun Bilma sun yi ƙarnoni suna tafiya a jaka ɗaya da kayan ƙarfe. Sinadarin kulorin da ke cikin gishiri yana iya kutsawa ƙarƙashin rigar ya kwanta shekaru ba motsi. Ranar da laima ta hau, sai ya farka ya tsiro da wani gari mai launin kore-kore, ya haƙa rami, ya sake haifar kansa a cikin ramin. Masu kula da kayan tarihi suna kiransa ciwon tagulla, kuma maganinsa na farko shi ne a riƙe laimar wurin ajiya ƙasa da kashi 40 cikin 100. A Tawa Allah ya hutar da mutane wannan wahala wata takwas a shekara. Watan Agusta ne abin tsoro, musamman ga abin da aka tono daga ƙasa aka jefa cikin akwati a ɗakin da ke yoyo.

Na biyu shi ne zubewar tutiya. Idan tutiya ta haura kashi 15 cikin 100, ruwan zartsi da ya daɗe kwance a jikin ƙarfen yakan tsame ta ya bar jan ƙarfe mai huhu kamar soso. Siffar abin ba ta sauyawa, sai dai jajayen tabo su bayyana, wata rana a taɓa shi ya karye. Duk mai gyaran famfo ya san wannan ko da bai san sunansa ba. Jiragen ruwan Ingila sun sha fama da shi a bututunsu har zuwa shekarun 1920, lokacin da aka gano cewa ɗan ƙanƙanin arsanik a cikin gaurayen yana tsayar da shi.

Na uku ya fi kusa da gidan sarauta. A ƙarni na 19 sojojin Ingila a Indiya sun lura kwanson harsasansu yana tsagewa da kansa a lokacin damina. Sai a 1921 aka tabbatar da dalili: an ajiye harsasan a bargar dawaki, zarnin fitsari, wato iskar amoniya, ya haɗu da laima ya sami ƙarfen da aka buga aka lanƙwasa, wanda ke ɗauke da gajiya a cikinsa. Kayan doki na tagulla da ake ratayewa a barga daga hawan salla zuwa hawan salla suna cikin wannan haɗari, haka ma bugaggun tasoshi da kakaki.

Ba kullum cin tagulla ke zama asara ba. Koren fatar nan mai haske da ake yi wa jakunkuna da takalma da sirdin raƙumi ado da ita, wadda Kano ta shahara da yi kuma dukawan Tawa da Agadas suke aiki da ita, daga tsatsar tagulla launinta yake. Akan haɗa garin tagulla da magagari ya zubar da wani farin gishiri da ruwa mai tsami, a shafa wa fata, ƙarfen ya ci ya bar korensa. Sunan wannan gishiri sinadari, daga Larabci, kuma maƙeran fari suna amfani da shi wajen liƙi. Kalmar da ɗaliban kimiyya ke furtawa yau a kowane darasi daga maƙera da majema ta fito. A Durɓi ta Kusheyi kuma, a ƙasar Katsina, inda aka tona kaburburan manya a 1907 da 1992, an sami mundaye da tasoshin ƙarfe, har da wadda aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas, tare da ragowar abubuwan da bisa al'ada ƙasa kan cinye. Sanannen abu ne ga masu tono cewa tsatsar jan ƙarfe guba ce ga ƙwayoyin ruɓa, don haka zane ko fatar da ta jingina da shi takan tsira.

A goge ko a bari

Adarawa da maƙwabtansu masu son ƙyalli ne, kuma ba laifi ba ne. Matan Woɗaɓe suna goge mundayen ƙafarsu da rairayi har su riƙa walƙiya. A gari ana jiƙa tsamiya ko a matse lemun tsami a haɗa da toka. Tsamin yana narkar da rigar, tokar tana kankare abin da ya saura. Ga tasar da ake ci a ciki wannan wajibi ne, domin koren tagulla ba abin haɗiya ba ne. Amma kowace guga tana tafiya da wani abu na jikin ƙarfen, ƙarfen kuma ya sake cin kansa don ya ɗinka sabuwar riga. Shekara hamsin na irin wannan tsafta sun isa su shafe zanen da maƙeri ya yi da ƙusa, su mai da rubutun hatimi abin da ba ya karantuwa. Ruwan gugar kanti ya fi muni, domin da yawansa yana ɗauke da amoniya, kuma farin garinsa yakan maƙale a cikin zane ya riƙa jawo danshi.

Ga ƙungiyoyin al'adu da makarantun da ke tara kayan gargajiya don nuni, batun haske yana da wata fuska. Ƙarfen kansa yana cikin abubuwan da suka fi jure haske a gidajen tarihi. Abin da ke tare da shi ne ba ya jurewa. Takobi ba ƙarfe kaɗai ba ne, akwai kube na fata, akwai rini, akwai zare. Ɓoyayyen hasken rana yana kashe launin rini, yana busar da fata ta tsattsage, yana kuma farfasa man ƙyallin da wasu ke shafa wa tagulla, har iska ta shiga ta tsagun ta yi mata dabbare-dabbare. Akwatin gilashi da aka girka kusa da taga yakan zama tanda da rana, da dare kuma ya yi sanyi ya tara raɓa, wato ya haɗa haske da ruwa a wuri ɗaya, abin da sararin Adar da kansa bai cika yi ba. Inuwa, da busasshen wuri, da tsumma mai laushi, da hannun da ba gumi, sun fi kowane magani.

Akwai kuma dalilin da ya wuce kyan gani. Tsohuwar dabarar rufe tukunya ba ta iya shigar da tutiya fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai da aka iya fitar da tutiya zalla, a Zawar ta Indiya tun ƙarni na 12 ko kusa da haka, a Turai kuma bayan William Champion ya yi rajistar dabararsa a Ingila a 1738, sannan tagulla mai tutiya da yawa ta wadata. Don haka awon tutiya kaɗai yana iya ƙaryata wanda ya ce munduwarsa ta zamanin Takadda ce. Darmar da ke cikin ƙarfen tana da tambarin mahaƙar da ta fito. Da irin wannan awo ne wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa tagullar da aka zuba shahararrun gumakan Benin da ita, mafi yawanta daga yankin kogin Rhin na Jamus ta fito. Rigar ma shaida ce. Wadda ta ɗauki ƙarni tana kafuwa tana da hawa-hawa, ta shiga jikin ƙarfen, alhali wadda ɗan kasuwa ya yi da asid cikin mako guda don ya yaudari baƙo a sama take, farce yana ɗaye ta.

Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ke kare kayan tarihi, wadda aka yi bayan wawushe kufan Bura a yammacin ƙasar ya ja hankalin duniya. Dokar tana iya tare abin da za a fitar ta kan iyaka. Ba ta da ido a kan abin da ke faruwa a tsakar gida, ranar da aka raba gado, aka rasa mai son tsohuwar likkafa, yaron jari-bola kuma ya tsaya a ƙofa da ma'auninsa. Tun da tukwanen alminiyom da robobi suka karɓe ɗakin girki, azurfa da ƙarfen nikel suka karɓe kasuwar ado, tagulla ta koma abin sayarwa da kilo. Wasu daga cikin waɗannan kaya maƙeran Tawa za su sake zubawa, kamar yadda kakanninsu suka yi da sandunan ayari da kwanson harsashi. Sauran ana ɗura su a buhu tare da tsofaffin wayoyin lantarki, a loda a mota, su bi hanyar Ƙonni zuwa kudu.